Kurakuran da aka fi yi wajen kiwon kaji masu ƙwai kala-kala

Tun da hotunan ƙwai shuɗi da kore suka cika Facebook, matasa masu kiwo a Garwa da Marwa, arewacin Kamaru, suka shiga neman irin kajin da ke yin su. Da yawa sai sun ciyar da kaza wata biyar ko shida, ta fara ƙwai, sannan su gane irin wanda aka saba ne.

Tun a kasuwa ake yin kuskuren farko, inda ake zaɓen kaza da gashinta. Launin gashi ba ruwansa da launin ƙwai. Abin gado ne: kaji irin Arokana, 'yar asalin ƙasar Chile, da Amerokana ta Amurka da Legba ta Ingila su ke yin shuɗi, Maran ta Faransa kuma ruwan ƙasa mai duhu. Mai sayarwa zai rantse maka, amma ce masa, "Malam, nuna mini ƙwan uwarta." In ya kawo, ka fasa ka ɓare fatar ciki. Shuɗin gaskiya ya ratsa ɓawon ciki da waje. Ruwan ƙasa kuwa shafe ne da ake yi wa ɓawo daga waje, cikinsa fari fat.

Babban ruɗanin yana wajen zakara. Mutum zai sayo zakaran Arokana ya sake shi cikin kajin gida, sannan ya riƙa leƙa akurki kowace safiya yana jiran shuɗin ƙwai. Ba zai gani ba. Kowace kaza launi ɗaya take yi har ta tsufa, ko wane zakara ya taka ta. Aikinsa sai a 'ya'yansa mata yake fitowa: kwana 21 na kwanci, sannan watannin girma. Ko a nan ma akwai sharaɗi. Shuɗi yana rinjaye, amma in zakaran ta gefe ɗaya kawai ya gaje shi, kusan rabin 'ya'yan ne za su ɗauka. In kuma uwar mai ƙwai ruwan ƙasa ce, shafen zai hau kan shuɗin, 'yar ta yi kore. Wanda ke son shuɗi tsantsa ya haɗa da kaza mai farin ƙwai, mai son kore mai duhu ya nemi Maran.

Sai sakaci da zakarun maƙwabta, abin da a unguwanninmu ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku. Ka killace ta da zakaran da ka zaɓa, ka bar mako uku su wuce kafin ka fara tara ƙwan kwanci, kuma kada ƙwan ya haura kwana bakwai a ajiye.

Masu Arokana kuma, kada kwalliyar gashin da ke fito wa wasunsu a gefen kunne ta ja ku haɗa zakara da kaza masu ita duka biyu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin a cikin ɓawo suke mutuwa.

Zafin bazara ma ana raina shi. Daga Maris zuwa Mayu, Garwa da Injamena kan haura digiri 40. Kaza mai nauyi irin Maran sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ɓawon ya yi laushi, launin ya koɗe. Ba algus aka yi maka ba. Inuwa, ruwa mai sanyi, da garin ƙashi a cikin dusa suke nema. A ganina ma, gauraya su da kajinmu na gida ya fi riƙe tsantsar baƙon iri, don jinin gida ya fi jure rana, ga shi sun iya kwanci.

Kada kuma ka ce wa mai saye shuɗin ƙwai magani ne. Cikinsa ɗaya ne da na fari, kuma jan gwaiduwa daga abinci yake, kamar masara ja da ganye.

Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga garke. Cutar Niyukasul kan share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, alhali a Bokle, nan kusa da Garwa, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, wato LANAVET, ke haɗa rigakafinta. A yi wa kaji tun kafin iska ta kaɗa.