Yadda ake tsabtace daɓen katako ba tare da an lalata shi ba

Ruwa ne babban abokin gabar daɓen katako. Idan ya kwanta a kai, yakan silale ta tsakanin allunan, katakon ya sha ya kumbura, gefunansa su ɗago kamar bakin kwano. Saboda haka ba wanke shi ake yi ba, goge shi ake yi.

Kafin komai, gano irin rufin da ke kan katakon. Ɗiga ruwa kaɗan a wani lungu ka jira minti biyu. Idan ɗigon ya tsaya a dunƙule, an shafe daɓen da banish mai hana ruwa shiga, zai jure mofa mai ɗanshi. Idan kuwa katakon ya shanye, wurin ya yi duhu, to mai ne ko kaki a kai, ko kuma banish ɗin ya cinye. Irin wannan daɓen, busasshen tsumma da man gogewa na katako kawai yake so.

Fara da shara da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura, a kashe burushinsa mai juyawa. Yashin da takalmi ke shigowa da shi shi ne ke kwarzane sheƙin, kuma in aka sa mofa a kansa sai ya zama kamar ana gurza daɓen da sanfefa.

Sai ka zuba ɗigo huɗu ko biyar na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita huɗu na ruwa mai ɗumi. Kada ka ƙara, yawan sabulu na barin danƙo mai kama ƙura. Tsoma mofar ka matse ta sosai har ta daina ɗiga, ka goge bisa tsawon allunan, ɓangare-ɓangare. Wurin da ka goge ya kamata ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu; in ya wuce haka, ruwa ya yi yawa, bi shi da busasshen tsumma.

Kashe ƙwayoyin cuta ba aikin kullum ba ne. Ana yin sa ne inda aka yi amai, ko fitsarin yaro, ko ruwan ɗanyen nama ya zuba. A fara kwashe ƙazantar a goge da sabulu, domin magani ba ya aiki a kan datti. Sannan a nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da katako mai banish, a bar shi ya yi mintunan da aka ƙayyade kafin a share. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 yana aiki a ƙaramin wuri, amma yana narkar da kaki da wasu nau'o'in banish, don haka a gwada a ɓoyayyen lungu tukuna.

Bilic na kashe launin katako, ruwan khal kuma na dusashe sheƙi a hankali. Mofar tururi ma kada ta taɓa shi, zafi da danshi take cusawa cikin tsagogin. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da khal ko amoniya, iska mai guba suke fitarwa.