Kafin ka auri 'yar kawunka

Ni 'yar kawuna na aura, ga abin da nake faɗa wa ƙannena. Halal ne: Annabi (SAW) ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar goggonsa.

Fara tambayar iyaye mata ko nono ɗaya kuka sha. In haka ne, magana ta mutu. Ita ma ji ta bakinta, ba gaban Kawu ba, kunya za ta sa ta ce to.

Gwajin jini na cutar sikila, ku yi kafin kai kuɗin gaisuwa. Mu sai da aka sa rana muka je, kwana biyu ban runtsa ba. Sakamako ya fito: ni AS, wato ina ɗauke da ƙwayar sikila, ita AA, ba ta da ita, don haka ba matsala.