Hawan keke don lafiya: yadda za ka bi da maganar gida

Magidancin da ya ajiye mota ko babur ya hau keke, tambayar farko da zai sha ita ce: "Lafiya kuwa? Ko abubuwa ne suka tsaya?" Wannan zolayar ta abokai ce, dariya ta ishe ta amsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ma ta ragu sosai.

Maganar da ba za ka yi wasa da ita ba ita ce ta mahaifiya ko uwargida, masu tsoron hatsari. Suna da gaskiya, kuma da idonsu za su natsu, don haka su ga shirinka. Hular kwano ta zauna daidai a ka, yatsa biyu sama da gira, igiyarta a ɗaure yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga ƙarƙashin haɓa. Ka sa farar fitila a gaba, ja a baya. Ka bi hannun dama tare da motoci. Masu bin hannun da ba nasu ba wai don su hango mota suna jefa kansu a hatsari, domin direban da ke fitowa daga lungu ba ta nan yake dubawa ba. Ka bar tazara a bayan adaidaita sahu, yakan tsaya ba sigina, kuma kada ka kutsa gefen babbar mota a kwana. Kafin fita ka matsa birki biyun, ka taɓa tayoyi. Yawan iskar da suke so yana rubuce a gefensu. Ka faɗi hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.

Ka fara da minti 20 bayan asuba, sau uku a mako, kana ƙarawa har ka kai minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa baligi. Da bazara kada ka fita da tsakar rana. Idan gwiwa ta fara ciwo, galibi sirdi ne ya yi ƙasa: ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai, nan ne tsayinsa. Dawowa gida da ɗingishi shi ke ba masu cewa "ai mun faɗa maka" bakin magana.

Bayan 'yan watanni za ka ji "ka rame". A wurinmu tumbi alamar hutu ne, rama kuwa ciwo ko damuwa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Idan ramar ta wuce haka, ko ta zo da yawan ƙishirwa da fitsari, a gwada suga a asibiti. Ka riƙa rubuta awon jininka, ka nuna wa mai tambaya.

A gidan iyaye ko surukai kada ka ce ba za ka ci ba, raini ne. Ɗebi tuwo kaɗan, ka yawaita miya da ganye, ka ce a ba ka ruwa maimakon lemon kwalba. Kuma kada ka zama mai wa'azi a kan kwanon wani, nan ne mutane ke fara ƙin abin da kake yi. Mai shan maganin suga ko hawan jini ya ga likita kafin ya fara, mai suga kuma ya riƙe dabino a aljihu saboda sugan kan faɗi ana cikin tafiya.