Yadda ake koyar da Faransanci da labari a aji mai cunkoso

Yaron da ya tashi a Garwa, a arewacin Kamaru, yakan shiga makarantar boko da Hausa a bakinsa, ga Fillancin wasa da na kasuwa, sai ya tarar da Faransanci a jikin allo. Kafin shekara ta zagayo ya iya rera "je vais, tu vas, il va" kamar mai tilawa, amma ka tambaye shi ina babansa ya tafi, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Dabarar da nake bi da 'yan ajin CE1 (aji uku na firamare) ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani malamin Sifaniyanci a Kalifoniya ta Amurka, Blaine Ray, shi ya tsara ta a wajajen 1990, ana kiranta TPRS, wato koyar da harshe ta hanyar labari da karatu. Ya ɗora ta a kan ra'ayin masanin harshe Stephen Krashen, cewa harshe yana zama a kai ne idan mutum yana yawan jin maganar da yake ganewa.

Da farko, zaɓi 'yan kalmomi uku kacal. Misali "il veut", yana so. "Il n'a pas", ba shi da. "Il va à", yana tafiya zuwa. Rubuta su a allo, kowace da ma'anarta da Hausa, ka sa wani yaro ya faɗa da Fillanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Na san akwai malaman da ke ganin harshen gida haramun ne a aji. Ni dai gara in faɗi ma'ana cikin daƙiƙa biyu da in ɓata kwata ina nuni da hannu, rabin aji na zaton wani abu dabam nake nufi. Kowace ka ba ta alama: "il veut" a murza tafin hannu, "il n'a pas" a zazzage aljihu. Ranar da na fara, kalmomi goma na jera don zumuɗi, kafin in kai ta shida bencin baya ya koma kasuwa.

Na biyu, kada ka zo da labari gamamme. Ƙashinsa kawai za ka riƙe: wani yana son abu, ba shi da shi, ya je wuri na farko bai samu ba, ya je na biyu, a na uku ya dace. Naman, yara ne za su sa. Ka tambaye su wane ne, me yake so, ina ya nufa, ka ɗauki amsar da ta fi ban dariya. Nawa sun taɓa zaɓar dorinar kogin Binuwai, wai tana son hawa jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde amma ba ta da tikiti. Ni da kaina ba zan taɓa tunano wannan ba. Buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", za su amsa "ta zo mu ji ta" tun ba ka rufe baki ba. Wata yarinya ta tuna mini cewa ba a tatsuniya da rana, na ce wannan ta boko ce, an yafe mata.

Na uku shi ne zuciyar aikin, a nan kuma malamai suka fi gajiya. Duk jimlar da aka kafa, sai ka kewaye ta da tambayoyi. Ka ce "L'hippopotame veut un ticket", aji ya ce "ooh!" Ka tambaya ko tikiti take so, su ce "oui". Tikiti ko kilishi? Su zaɓa. Kilishi take so? Su ce "non", kai kuma ka maimaita cikakkiyar jimlar daidai. Wa ke so? Me take so? Don me? Duk da Faransanci, a hankali, kana nuna allo da yatsa duk sanda ka furta kalmar. Kafin a tashi sun ji "veut" sau barkatai ba wanda ya yi hamma, domin hankalinsu na kan dorina. Amsar kalma ɗaya ta wadatar a makonnin farko. Za ka ji suna cewa "elle" saboda dorina mace ce a Hausa, alhali a Faransanci namiji ce. Kada ka tsawata, ka ce "oui, il veut" ka wuce. Kunne ne zai gyara.

Na huɗu, fito da 'yan wasa. Ɗaya dorina, ɗaya mai sayar da tikiti, benci ya zama jirgi, hula da tsohon kwali sun isa kayan aiki. Tambayi ɗan wasan kai tsaye "tu veux?", ya amsa "je veux", ga nahawu ya shigo ba a kira sunansa ba. Wanda ya ɗaga hannu kawai za ka ba dabba. Na taɓa ɗora wa wani yaro mai kunya kura, sunan ya bi shi har unguwa, sai da na je na ba mahaifiyarsa haƙuri.

A ajin da ya haura yara 80, ihun "oui" yana ruɗin malami. Ka zaɓi yara biyu masu rauni a bencin baya, idanunsu ne ma'auninka. Ku yi yarjejeniya: duk wanda ya ɓace ya buga dunƙulen hannu a tafinsa, kai kuma dole ka tsaya. Lokaci-lokaci ka ce su rufe ido su ɗaga yatsu, biyar ya gane sarai, ɗaya yana cikin duhu.

Kashegari sai karatu. Rubuta labarin jiya a allo, layi takwas zuwa goma, ba sabuwar kalma sai ɗaya ko biyu. Ku karanta tare, su fassara maka layi-layi, su kwafa a littafi, su zana dorinar a ƙasa. Inda littattafan karatu ba su isa ba, wannan shi ne nasu, kuma suna son sa tunda su suka haifa. Ka shigar da kalmomin uku a littafin shirin darasi ƙarƙashin abin da manhaja ta tanada, don kada sufeto ya zo ya ce wasa kake yi da yara. In watan Maris ya kama, ka mai da darasin safiya, domin bayan sha ɗaya zafin kwanon rufi ba ya barin kowa ya damu da ko dorina ta sami tikiti.