Yadda Ake Bin Kuɗin Laburaren Gari Har Su Fito Daga Kasafin Jiha

Duk matashin da ya zo min da zancen ceto laburaren garinsu, dabararsa ta farko ita ce buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamna a Facebook. Ku bar wannan tukuna. Ba a can kuɗin suke maƙalewa ba.

Fara da nemo kasafin jiharku wanda aka sa wa hannu. Yawancin jihohi yanzu suna ɗora shi a intanet. Kada ka buga shi duka, kuɗin takarda kawai zai cinye ka, shafi biyu ko uku kake buƙata. Nemi hukumar ɗakunan karatu ta jiha, galibi tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Gida uku za ka gani: albashi, kuɗin gudanarwa, da manyan ayyuka. Na tsakiyan nan za ka zuba wa ido. Idan aljihun gwamnati ya yi zafi shi ake fara zabgewa, alhali daga cikinsa ake sayen jarida, a biya kuɗin wuta, a zuba wa janareta mai. Shi ya sa za ka tarar ma'aikata na nan, albashi na shiga, amma fanka ta tsaya cak, jaridar da ke kan tebur ta bara ce, masu shirin JAMB sun koma gindin darbejiya.

Sai batun lokaci. Wanda ya jira gwamna ya kai kasafi majalisa ya makara. Tun wajen Agusta, lokacin da ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu, za ku je wurin shugaban hukumar. Ku riƙe kwafin rajistar masu shiga karatu ta wata uku. Ni ba na zuwa da hoton rufin da ke yoyo, kowane ofis yana da nasa. Adadin mutane ne ke motsa ɗan majalisa, musamman idan 'yan mazaɓarsa ne.

Ga inda muka sha ƙasa. Wata shekara mun yi ta zirga-zirga har kwamitin ilimi na majalisa ya ƙara mana kuɗin gudanarwa. Muka yi murna, har shayi muka dafa. Shekara ta ƙare ko kwabo bai shigo ba. Ashe ware kuɗi daban, sakin kuɗi daban. Sai hukumar ta rubuta takardar neman a saki, a amince, sannan ta isa ofishin Akanta Janar. Tamu takardar tana cikin wata durowa, ba wanda ya bi ta, mu kuwa ba mu ma san akwai ta ba. To daga Janairu ku fara tambaya: an rubuta? Yaushe? Tana teburin wa? Ku sa mutum ɗaya mai haƙuri, ya fi kyau tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, wanda masinjoji suka san fuskarsa. Ba ku kaɗai ba ne: tun 2006 aka ba da kwangilar hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, aka kusa shekara ashirin ginin bai kammala ba.

Kada ku ɓata tafiya zuwa TETFund, hukumar tarayya mai ba da kuɗin tallafin ilimi, manyan makarantu take yi wa hidima.

Duk wata uku ku duba rahoton aiwatar da kasafi, ku gwada abin da aka ware da abin da aka kashe. In an ɓoye, ku rubuta takarda bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba da kwana bakwai a amsa. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya, ku dawo da shi gida.