Neman Gurbi a Sakandaren Coci a Ingila: Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi

Kusan ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila suna da alaƙa da addini, kuma mafi yawansu na Cocin Ingila ne ko na Katolika. Ba a biyan kuɗin makaranta a cikinsu, da yawa kuma sun yi suna wajen tarbiyya da sakamakon jarrabawa, shi ya sa ake rububinsu. Yaro yana shiga sakandare, wato aji bakwai, a watan Satumba bayan ya cika shekara 11, amma tun kusan shekara guda kafin nan ake rufe neman gurbi. Sau tari iyayen da suka rasa ba ibada suka gaza ba, ba kuma ƙoƙarin yaro ne ya yi ƙasa ba. Takarda ce ta kayar da su. Makarantar ba ta auna bangaskiyar kowa; abin da ta rubuta a sharuɗɗanta take bi, da shaidar da aka ajiye mata a kan lokaci.

Bayanin nan ya shafi makarantun gwamnati ne na Ingila. Masu zaman kansu suna da tsarinsu na jarrabawa da kuɗi, Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kuma kowace da dokarta.

Fom biyu ne, wuri biyu ake kai su

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane. Fom na farko na ƙaramar hukuma ne, wanda ake jera sunayen makarantun da ake so a ciki, yawanci ta intanet. Ƙaramar hukumar da kuke zaune a cikinta ake miƙa wa, ko da makarantar tana wata ƙaramar hukumar daban, kuma wa'adinsa 31 ga Oktoba. Na biyu shi ne fom ɗin ƙarin bayani, wanda ake taƙaita sunansa da SIF. A cikinsa ake faɗin cocin da iyali ke zuwa, da ko an yi wa yaro baftisma, sannan fasto ko fada ya sa hannu. Mafi yawan lokaci makarantar da kanta ake kai wa wannan.

Wanda ya cika na ƙaramar hukuma ya manta da na makaranta, za a duba buƙatarsa, amma a sa yaron cikin rukunin ƙarshe na “sauran yara”, ko da uban dattijon ikilisiya ne. Wanda ya kai na makaranta kaɗai ya bar na ƙaramar hukuma kuwa, a idon doka bai nemi gurbi ba sam. In makarantun coci uku kuka zaɓa, mai yiwuwa fom ɗin ƙarin bayani uku za ku cika, kowanne da ranar rufewarsa, kuma ba dole ranar ta zo daidai da 31 ga Oktoba ba.

Akwai wani ɗan tarko da ba a cika lura da shi ba. Hutun tsakiyar zango yakan faɗo a makon ƙarshe na Oktoba. Uwa ta iso ƙofar makaranta da ambulan a hannu, ta tarar an rufe ofis, ta zura shi ta ramin wasiƙa ta juya. Ba rasit, ba sunan wanda ya karɓa. In takardar ta ɓata, ba ta da abin nunawa. A kai fom tun makaranta tana buɗe, a nemi shaidar karɓa ko saƙon imel mai tabbatarwa, a kuma ɗauki hoton kowane shafi kafin a miƙa.

Jin ta bakin mutane maimakon karanta sharuɗɗa

“Ai ’yar maƙwabciyarmu ta samu ba tare da wata takardar coci ba.” Mai yiwuwa gaskiya ne, amma shekara nawa ke nan, kuma a wane rukuni? Kowace makaranta tana tsayar da sharuɗɗanta duk shekara zuwa 28 ga Fabrairu, ta wallafa su a shafinta na intanet zuwa 15 ga Maris. Wato sharuɗɗan masu shiga a Satumban 2027 an tsayar da su tun Fabrairun 2026. A tabbatar shekarar da ke saman takardar ita ce shekarar da yaron zai shiga, don tsofaffin takardu sukan daɗe a shafukan makarantu.

Abin nema a ciki shi ne jerin fifiko da ake bi idan masu nema sun fi kujeru yawa. A makarantun Katolika tsarin da aka fi gani yana farawa da yara ’yan Katolika da ke ƙarƙashin renon hukuma ko suka taɓa zama a ƙarƙashinsa, sai ’yan Katolika masu baftisma, sau da yawa ana gabatar da masu takardar shaidar zuwa coci daga fada, sannan sauran yaran da ke ƙarƙashin renon hukuma ko suka taɓa zama a ƙarƙashinsa, sannan ’yan wasu ɗarikun Kirista, sannan mabiya wasu addinai, sannan kowa. Makarantun Cocin Ingila sun fi bambanta da juna. Wasu suna raba kujerunsu biyu, na masu zuwa coci da na yaran unguwa, wasu ma ba sa tambayar addini ko kaɗan. Yaron da ke da takardar tsarin kula da buƙatu na musamman da ake kira EHCP, wadda aka ambaci sunan makarantar a ciki, dole a ɗauke shi. Hanyarsa daban ce.

Bayan karanta jerin, a nemi bayanin yadda aka raba kujeru bara. Ƙananan hukumomi da makarantu sukan wallafa rukunin da aka tsaya a kai da nisan gidan yaro na ƙarshe da aka ɗauka. Idan shekara da shekaru kujeru suna ƙarewa a rukuni na uku, ku kuma kuna na shida, kun san matsayinku tun kafin ku sa rai.

Shaidar zuwa coci

Nan ne ya kamata a daɗe, don nan ne gyara ya fi wuya. Makarantu da yawa suna fayyace abin da suke nufi da zuwa sujada a kai a kai: misali sau biyu a wata na tsawon shekara biyu kafin ranar neman gurbi. A yi lissafi: shekara biyu baya daga Oktoban aji shida ya kai mu Oktoban aji huɗu. Wanda ya farga a watan Satumba ya fara cika benci duk Lahadi ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan a duba wa ake ƙirga wa zuwan. Wata makaranta yaro take so, wata uwa ko uba ɗaya, wata duka biyun. Ma’aikaciyar jinya da ke aikin Lahadi tana iya zuwa sujadar tsakiyar mako, amma sai ta duba ko sharuɗɗan sun yarda da wannan. Wasu coci suna ajiye rajista a bakin ƙofa don irin wannan buƙata. Mutum ya yi shekara biyu yana shiga yana fita bai taɓa sa hannu ba, ranar da ya kawo fom fasto ya buɗe littafi bai ga sunansa ba. A manyan ikilisiyoyi ba laifin fasto ba ne in bai san fuskar kowa ba. Ku gabatar da kanku tun da wuri, ku faɗa masa akwai yaron da zai nemi gurbi, ku tambayi yadda cocin ke tabbatar da halarta.

Waɗanda suka sauya coci, ko suka iso ƙasar ba da daɗewa ba, sukan ɗauka shekarunsu na baya sun tafi a banza. Makarantu da yawa suna karɓar wasiƙa daga tsohon fasto a haɗa da ta sabo. Sai dai wasiƙar ta faɗi abin da ake tambaya: daga yaushe zuwa yaushe, sau nawa a wata. Dogon yabo cewa iyalin masu tsoron Allah ne ba ya ƙara maki ko ɗaya.

Haka batun baftisma. Takardar ikilisiyar da aka yi ta ake so, kuma nemo ta daga wata ƙasa kan ɗauki makonni. A duba sunan da ke ciki ya dace da na takardar haihuwa. In sunan baftisma ya bambanta, a haɗa da bayani a rubuce. Ɗarikun da ba sa yi wa jarirai baftisma, irin su Baptis, sai su tambaya ko ana karɓar takardar miƙa yaro ga Ubangiji. Kalmar “Kirista” ma tana da iyaka a takardun nan: makarantu da dama suna nufin cocin da ke cikin ƙungiyar Churches Together in England ko Evangelical Alliance. Ƙaramar majami’a mai taruwa a zauren haya ba lallai tana ciki ba, kuma gara a san haka shekara biyu kafin lokaci.

Abu ɗaya da ba ya aiki shi ne kuɗi. Ƙa’idar ɗaukar ɗalibai ta 2021 ta hana ba da fifiko saboda gudummawar da iyaye suka ba makaranta ko coci. Ta hana yi wa yaro ko iyayensa ganawar tantancewa, ta hana la’akari da sana’ar iyaye ko halin aurensu. Zuwa gaida shugaban makaranta ba zai motsa sunan yaro ko taki ɗaya ba. A ganina wannan alheri ne ga baƙo da bai san kowa ba.

Jera makarantu da wayo

Kowace ƙaramar hukuma tana ba da damar zaɓi aƙalla uku, a Landan shida ne. Wasu iyaye sukan rubuta makaranta ɗaya tak, wai don hukuma ta ga da gaske suke. Wasu kuma su ɓoye wadda suke so a ƙasa, su ɗora wadda suke ganin za a samu, don tsoron kada ta ji haushin an sa ta ta biyu. Duka biyun rashin fahimtar tsarin ne. Kowace makaranta tana jera masu nema bisa sharuɗɗanta, ba ruwanta da lambar da kuka ba ta. Daga nan ƙaramar hukuma ta duba waɗanda za su iya ɗaukar yaron, ta ba ku wadda kuka fi ɗorawa a sama. Don haka a jera su yadda ake son su da gaske, a cike duk guraben, a kuma sa aƙalla ɗaya da kusan tabbas za a samu. Mai zaɓi ɗaya in ya rasa, sai a ba shi makarantar da kujera ta rage a cikinta, wadda mai yiwuwa bai taɓa taka ƙafa a ciki ba.

Kada a dogara da cewa yaro yana firamaren coci. Sai in sharuɗɗa sun ambaci sunan firamaren. Samun yaya a makarantar ma yana da sharaɗi, galibi sai in yana nan har lokacin da ƙanen zai shiga. Aron adireshin ɗan’uwa kuwa, ana bincike, kuma doka ta ba da damar janye gurbin da aka samu da bayanin ƙarya.

Wanda ba Kirista ba

Iyaye Musulmi da sauransu sukan ɗauka ƙofar a rufe take. Idan masu nema ba su kai yawan kujeru ba, wajibi ne makarantar ta ɗauki duk wanda ya nema. Inda ake rububi ma, wasu suna da rukunin mabiya wasu addinai, sai limami ko shugaban wurin ibada ya sa hannu a fom ɗin. Doka ta ba iyaye ikon janye yaro daga sujadar makaranta da darasin addini. Duk da haka ya kyautu a je ranar buɗe ƙofa ga iyaye, yawanci a Satumba ko Oktoba, a ga yadda addini ya ratsa rayuwar makarantar, a tambayi zuciya ko za a iya zama da shi shekara biyar.

Bayan sakamako ya fito

Ranar 1 ga Maris ake sanar da sakamako, ko ranar aiki ta gaba in ta faɗo ƙarshen mako. Wanda bai samu abin da yake so ba, fushi kan sa ya ƙi gurbin da aka ba shi. Kada a yi haka. Karɓar gurbin ba ya hana ɗaukaka ƙara, ba ya cire suna daga jerin jira, ƙin sa kuma ba ya matsa wa kowa lamba sai ku.

Jerin jira ba layin wanda ya riga zuwa ba ne. Da sharuɗɗan nan dai ake jera shi, shi ya sa yaro kan tashi daga na biyar ya koma na takwas idan wasu da suka fi shi fifiko suka shigo. Dole a riƙe jerin aƙalla zuwa 31 ga Disamba. A tambaya ko sai an nemi a sa suna, a kuma sanar da makaranta duk wani sauyi, kamar ƙaura zuwa kusa ko isowar takardar baftisma.

Don ɗaukaka ƙara ana ba da aƙalla kwana 20 na makaranta daga ranar sanarwa. Kwamiti mai zaman kansa na mutum uku ko fiye ne ke saurare, hukuncinsa kuma ya hau kan makarantar. Zai fara duba ko an bi sharuɗɗa daidai, da ko ƙarin ɗalibi zai cutar da karatun sauran, sannan ya auna wannan da buƙatar yaronku. Kushe makarantar da aka ba ku ba ya cika amfani a nan. Ku zo da hoton fom da rasit in kuna ganin an sa ku a rukunin da ba naku ba, da wasiƙar likita ko ta jami’in jin daɗin jama’a in akwai lalura, ku nuna abin da wannan makarantar take da shi wanda yaron nan yake buƙata kuma babu shi a waccan.