Yadda Ake Auna Juriyar Shuka Ga Daskarewa

Sau da yawa na ga mai koyon wannan aiki ya tsinko ganye, ya cusa a firiza, washegari ya zo duba wanda ya yi laushi. Abin da zai rubuta daga nan ba shi da amfani. Alkamar hunturu da ba ta saba da sanyi ba tana mutuwa tun a digiri 3 zuwa 5 ƙasa da sifili, amma irin Norstar na Kanada, in ya sha sanyi na makonni, yakan jure fiye da digiri 20 ƙasa da sifili. Don haka ka fara da horar da tsiranka: digiri 2 zuwa 4 sama da sifili, mako huɗu zuwa shida, kuma da haske, domin a cikin duhu ba sa tara sukarin da ke kare su. Ka bar wasu a ɗumi don kwatanci.

Ni hanyar auna gishirin da ke tsiyayowa daga ganye nake bi, wadda masanin tsirrai Dexter da abokan aikinsa suka fito da ita a Wiskonsin ta Amurka a farkon shekarun 1930. Ƙanƙara tana fara kamawa ne a tsakanin ƙwayoyin halittar ganye, ta zuƙe ruwan cikinsu har tantanin da ya rufe su ya lalace, gishirin ciki ya zubo waje. Gwargwadon ɓarna, gwargwadon gishirin da za ka samu a ruwa. Ka yanka ganye masu shekaru ɗaya, girma ɗaya, ka ɗauraye su da tataccen ruwa saboda yankan ma kansa yana sa tsiyaya. Ka sa ganyen a kwalabe, kowane matakin sanyi da za ka gwada a ba shi kwalba uku aƙalla.

To, ga inda aikin ke lalacewa. Ruwan cikin ganye yana iya sauka ƙasa da sifili sosai bai daskare ba, muddin babu abin da ya tayar da ƙanƙarar. A gwajina na farko na ga sha'ir da ban horar ba ya fito lafiya lau daga digiri 8 ƙasa da sifili, kore shar, har na fara murna. A kwalbar da ke gefensa kuwa, ganyen wannan tsiron dai ya mutu murus. Mako biyu ina zargin na'ura, ashe na farkon bai taɓa daskarewa ba sam, na biyun kuma ya daskare ne farat ɗaya, ƙanƙara ta kama har cikin ƙwayoyin ta farfasa su. A gona ba haka abin yake ba, raɓa da ƙura da ƙwayoyin cuta na kan ganye suna tayar da ƙanƙara da wuri, a hankali.

Maganin ɗan ƙarami ne. Ka tsayar da kwalaben a digiri 2 ƙasa da sifili na kamar awa ɗaya, sannan ka jefa ɗan guntun ƙanƙara na tataccen ruwa a kowace, ya taɓa ganyen. Kada ka yi gaggawar ci gaba. Ɗago kowace kwalba ka duba: ganyen da ya kama yakan yi duhu, ya sandare, kamar an jiƙa shi. In kana da siririyar wayar auna zafi a ciki za ka ga zafin ya ɗan yi tsalle sama, domin ruwa yana sakin zafi lokacin daskarewa. Ni sai na ga wannan a dukkan kwalabe nake fara rage zafi, kuma ba na wuce digiri 2 a awa. Injin da ke saukar da sanyi da kansa yana da tsada. Akwati mai rufin soso a cikin firiza da ma'aunin zafi mai kyau suna yi, sai dai za ka kwana a kansu.

A kowane mataki ka cire kwalabe uku ka kai su digiri 4 su narke cikin dare a duhu. Narkewa da sauri ma kisa ce. Da safe ka zuba tataccen ruwa daidai wa daida, a girgiza na wasu awanni, ka auna yadda lantarki ke ratsa ruwan. Ka tafasa kwalaben don komai ya fita, su huce, ka sake aunawa. Lissafa kashi nawa awon farko ya kai cikin na biyu, ka zana a jadawali, digirin sanyin da ɓarnar ta kai rabi shi ake kira LT50, wato ma'aunin juriyar shukar.

Amma ganye ba shi ne ke raya alkama ba, gindinta ne, inda saiwa ta haɗu da kara. Ganye yana iya ƙonewa duka tsiron ya sake tohowa. Sai ka maimaita gwajin da gindi a cikin yashi mai danshi, ka sake dasawa, bayan mako uku ka ƙirga waɗanda suka fitar da sabuwar saiwa da ganye. In za ka gwada a fili, ka binne ma'aunin zafi daidai zurfin gindin, domin dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa kamar bargo, zafin iska ba zai gaya maka abin da gindin ya sha ba.